Zaure da Cikin Gida: Yadda Ya Kamata a Raba Manhajar Jan Hoto

Yaron da ya tashi a gidan Hausawa a Wagadugu yana rayuwa ne tsakanin harsuna uku aƙalla. Hausa yake ji a gida, Moore yake yi a bakin titi da kasuwa, Faransanci kuwa shi ne harshen allo da littafin makaranta. A cikin ukun nan, Hausar ce bai cika gani a rubuce ba. Tun da majalisar riƙon ƙwarya ta Burkina Faso ta yi wa tsarin mulki gyara a ƙarshen watan Disamba na 2023, ta buɗe wa harsunan ƙasa ƙofar zama harsunan hukuma, ta mayar da Faransanci harshen aiki, maganar kayan koyar da karatu cikin harsunan gida ta wuce sha'awar 'yan tsiraru. Kuma cikin kayan da ɗalibin ilimin kwamfuta zai iya haɗawa da hannunsa a unguwa irin Zongo, babu wanda ya kai ƙaramar manhajar jan hoto sauƙi da amfani: taga guda ta buɗe, a gefe ɗaya hoton ƙwarya da na ɓera da na ɗan tsako, a ɗaya gefen kalmominsu, yaro ya kama hoto da linzamin kwamfuta ya ja shi ya ajiye a kan kalmar da ta dace.

Wannan salo ba sabo ba ne. Wasan katin Solitaire da Wes Cherry ya rubuta, wanda Microsoft ta saka a cikin Windows 3.0 a shekarar 1990, ya koya wa ɗimbin mutane yadda ake kama abu da linzami a ja shi a sake shi, a lokacin da yawancinsu ba su saba riƙe linzamin ba. Abin da ake gardama a kai shi ne yadda za a tsara cikin irin wannan manhaja: a bar ta a fayil guda, ko a raba ta sashe-sashe? Amsar da ta fi ƙarfi ita ce a raba. Sai dai yawancin masu rabawa suna yanka ne a wurin da ba gaɓa, shi ya sa suke wahala, su koma suna zagin rabon kansa.

Kafin a kai ga rabo, ya kamata a fahimci abin da jan hoto yake nufi a wurin na'ura. A ɗauki harshen Python da Tkinter, kayan zana taga da ke zuwa tare da shi, wanda aka gina a kan Tk na John Ousterhout. Shi ne mafi kusa da hannun mai koyo, don ba ya buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, a kan Windows kuma ba sai an sauko da wani abu dabam daga intanet ba, abin da yake da muhimmanci ga mai sayen data da ɗan canjin sefa. A cikinsa akwai fili da ake kira Canvas, inda ake ɗora hotuna. Jan hoto abubuwa uku ne a jere. Idan aka danna maɓallin linzami, manhaja ta gane hoton da ke ƙarƙashin kibiya, ta ɗago shi sama da sauran, ta riƙe wurin da aka danna. Idan linzami ya motsa alhali maɓalli yana danne, ta lissafa tazarar da ke tsakanin wurin da kibiya take yanzu da inda take ɗazu, ta matsar da hoton daidai wannan tazara. Idan aka saki maɓalli, ta duba ko hoton ya sauka a kan wata kalma, ta yanke hukunci. Wanda ya manta da riƙe wurin dannawa zai ga hoton yana zabura, tsakiyarsa ta koma kan kibiya duk lokacin da aka taɓa shi. Duk wannan bai wuce layi talatin ko arba'in ba.

Daga nan ne fayil yake fara kumbura. A ƙara hotuna goma, a ƙara lissafin maki, a ƙara sautin yabo, a ƙara mataki na biyu mai kalmomi masu wuya, a ƙara maɓallin sake farawa. Kowane ƙari ana cusa shi ne a inda hannu ya fi kusa, kuma inda hannu ya fi kusa shi ne wurin sakin maɓalli. Kafin wata guda, wannan ɗan wuri ya zama shi ne alƙali, shi ne magatakarda, shi ne maroƙi: yana duba hoto, yana kwatanta kalma, yana ƙara maki, yana rubuta "Madalla!" a allo, yana kiran mataki na gaba. Manhajar tana aiki, babu musu. Amma ranar da wata malama ta ce tana son irinta da Moore, ko wani malamin allo ya ce a saka masa ajami, sai a tarar babu inda za a taɓa ba tare da an girgiza komai ba.

Mazauna Zongo sun san irin wannan gini da idonsu. Unguwar tana yammacin birnin, cikin yankunan da aka zauna kafin hukuma ta yanka filaye, inda kowa ya kafa ɗakinsa a wurin da ya samu, hanya kuma ta bi abin da gidaje suka rage mata. Lokacin da hukumar ruwa ta ONEA ta so kai famfo irin waɗannan unguwanni wajen 2009, ciki har da Zongo da Bissighin da Nioko 2, sai da ta damƙa aikin ga ƙananan 'yan kasuwa da za su bi lungu-lungu da bututu. An kai ruwan, amma da dabara da wahala. Hausawan birnin kuma ba su manta da Zangouettin ba, tsohuwar unguwar fatake da ke tsakiyar gari, wadda aka rushe a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA, aka kwashe mutanenta zuwa filaye a Ouaga 2000 da Nioko 1. Ba a kawo wannan don a daidaita raɗaɗin rasa gida da ɓacin ran mai rubuta manhaja ba. Tsakaninsu akwai nisa. Abin lura kawai shi ne, hanyar da ba a bar mata wuri tun farko ba, in an zo fitar da ita daga baya, rusau ne kuɗinta.

To, a ina za a yanka? Mai koyo yakan bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko ya raba da tsawo, ya ce kowane fayil kada ya wuce layi ɗari, ko ya raba da jerin aiki: fayil na farko ya loda hotuna, na biyu ya zana taga, na uku ya ja, na huɗu ya lissafa maki. Hanya ta biyu ta fi kama da hankali, kuma ita ce David Parnas ya yi wa raddi tun a watan Disamba na 1972, a wata maƙala da ya buga a mujallar Communications of the ACM lokacin yana jami'ar Carnegie-Mellon ta Amurka. Ya ɗauki wata ƙaramar manhaja mai jera layukan rubutu, ya raba ta ta hanyoyi biyu, ya nuna cewa rabon da ya bi jerin matakai yana barin kowane sashe ya san sirrin ɗan'uwansa, ta yadda canji ɗaya zai ratsa kusan dukkansu. Shawararsa ita ce a fara lissafa abubuwan da ake zaton za su canza, sannan a ba kowannensu ɗaki nasa, a rufe ƙofa. Sauran sassa su san abin da za su roƙa da abin da za a miƙo musu, kada su san yadda aka dafa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari. Baƙo yana tsayawa a zaure, ya yi sallama, a fito masa da abin da ya zo nema. Maigida yana iya rushe ɗakin girki ya sake gina shi a wani gefen, ya canza wa rumbu wuri, baƙon bai sani ba, bai kuma buƙaci ya sani ba, muddin zaure yana nan a inda yake.

Idan aka auna manhajar jan hoto da wannan ma'auni, abin da zai fara canzawa ba ya ɓuya: kalmomi ne. Su ne za su ƙaru, su ne za a fassara, su ne za a yi wa gyaran rubutu. Saboda haka bai kamata ko kalma ɗaya ta Hausa da yaro zai gani ta zauna a cikin kod ba. Wurinta fayil ne na rubutu zalla, kowane layi da sunan hoto da kalmarsa, sannan wani ƙaramin sashe, a kira shi kalmomi, wanda aikinsa kawai ya karanta wannan fayil ya miƙa jerin.

A nan ya dace a daɗe, domin rubutun Hausa yana da tarkuna da mai rubuta manhaja da Faransanci bai taɓa faɗawa ciki ba. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sa cikin tsohon tsarin haruffan da Windows na Faransanci ko na Ingilishi yake ɗauka idan ba a gaya masa wani ba. Python, a yawancin sigoginsa da ke kan kwamfutoci yau, idan aka ce ya buɗe fayil a Windows ba a ambaci UTF-8 ba, da wancan tsohon tsari zai karanta, sai "ƙwarya" ta fito da wasu alamomi marasa ma'ana. Maganin ɗan ƙari ne a layi guda. Idan wuri ɗaya ne ke buɗe fayilolin rubutu, gyara ɗaya ne. Idan wurare bakwai ne, za a gyara shida a manta da ɗaya, kuma wannan ɗayan ne zai bayyana a gaban aji. Sannan ga bambancin ƙa'idar rubutu: a Nijar ana rubuta ƴ, a Nijeriya an fi rubuta 'y, kuma littattafan ƙasashen biyu duka suna iya shiga hannun mai koyarwa a Wagadugu. Kalmar "'ya'ya" da "ƴaƴa" ɗaya ce a bakin yaro, amma biyu ce a wurin na'ura. Ko alamar ɗauri ta 'y ɗin ma iri-iri ce, wata miƙaƙƙiya wata lanƙwasasshiya, gwargwadon inda aka buga ta. Dole wani ya yanke shawarar yadda za a daidaita su, kuma wannan shawara ta sashen kalmomi ce shi kaɗai. Moore yana da nasa haruffan, irin su ɛ da ɩ da ʋ, da alamar hanci a kan wasula. Ajami kuwa daga dama yake tafiya, haruffansa suna haɗewa suna canza siffa, abin da Tkinter ba ya iya nunawa daidai a kowace kwamfuta. Mafita mai sauƙi ita ce a mayar da kalmar ajami hoto ita ma. Wanda ya ware kalmomi tun farko zai yi wannan a sashe ɗaya. Wanda bai ware ba zai sake rubuta rabin manhajar.

Abu na biyu da zai canza shi ne hukunci: me ake kira daidai, maki nawa ake bayarwa, sau nawa yaro zai gwada kafin a nuna masa amsa. Wannan sashe, a kira shi alƙali, bai kamata ya san akwai taga ko linzami a duniya ba. A ba shi sunan hoto da kalmar da aka ajiye shi a kai, ya ce e ko a'a. Ribar wannan tana da girma fiye da yadda take gani, domin ana iya gwada alƙalin da layuka biyar ba tare da an buɗe taga an zauna ana jan ɓera sau ashirin ba. Trygve Reenskaug, ɗan ƙasar Norway, ya zo da irin wannan tunani a cibiyar bincike ta Xerox PARC a 1979, inda ya raba ainihin bayani da yadda ake nuna shi da yadda ake karɓar umarnin mai amfani. Ɗalibi ba ya buƙatar haddace sunayen wannan tsari; ya ishe shi ya hana alƙalinsa taɓa allo.

Na uku shi ne jan kansa. Sashen ja ya san abu ɗaya: yadda ake kama abu a fili a matsar da shi. Bai san ƙwarya ba, bai san maki ba. Idan aka saki maɓalli, ya sanar da wanda ya ɗauke shi aiki cewa an ajiye abu kaza a wuri kaza, shi ke nan. Sashen da aka rubuta haka za a iya ɗaukarsa gobe a saka a manhajar lissafi inda ake jan tsakuwa, ko ta taswira inda ake jan sunayen garuruwa, ba tare da canza harafi ba. Na huɗu, hotuna, gajere ne: ya san inda suke, ya loda su, ya riƙe su. Hoton da aka ɗauka da waya yawanci JPEG ne, wanda Tkinter ba ya karantawa shi kaɗai sai da taimakon Pillow. Wannan ma sirrin ɗakin hotuna ne. Sai babban fayil, zauren gidan, wanda zai buɗe taga ya gabatar da waɗannan huɗu ga junansu.

Masu adawa da rabo suna da hujja, kuma ba ta wasa ba ce. Sukan ce manhaja tana aiki lafiya a fayil guda, ranar da aka raba ta hotuna suka ɓace. Gaskiya ne, hakan yana faruwa, kuma sananniyar matsala ce a Tkinter. Python yana share duk abin da babu wani suna da ke riƙe da shi. A fayil guda, sunan hoton yana zaune a saman fayil har manhaja ta rufe. Da aka mayar da lodawar cikin wani ƙaramin aiki a wani sashe, aikin yana ƙarewa sunan ya tafi, Python ya share hoton, filin ya rage fanko ba tare da ko saƙon kuskure ba. Akwai 'yan'uwanta. Idan sashen hotuna ya yi gaggawar loda hoto tun lokacin da aka shigo da shi, kafin a buɗe babbar taga, manhaja za ta tsaya ta ce an yi sauri. Idan mai koyo ya so magance wannan ta hanyar buɗe taga ta biyu a cikin sashen hotuna, hoton zai zama mallakar wata taga dabam, ta farkon ta ce ba ta san shi ba. Idan kuma sashen ja ya shigo da babban fayil don ya sami fili, babban fayil shi ma ya shigo da sashen ja, sai su tsaya cirko-cirko kowa yana jiran ɗan'uwansa.

Amma duk waɗannan huɗu tambaya ɗaya suke yi: wane ne mai wannan abu? Wa ke riƙe da hoto, wa ke da taga, wa ke miƙa fili ga wa? Fayil guda bai amsa tambayar ba, ya dai binne ta ne, tun da a cikinsa komai na kowa ne. Amsar kuma ba ta da tsawo. Taga ɗaya ce, zaure ne ke buɗe ta. Sashen hotuna ya ajiye duk hoton da ya loda a wata ma'ajiya da za ta rayu tsawon ran manhajar, kuma kada ya loda komai sai an roƙe shi. Sashen ja kada ya je neman fili. A miƙo masa. Kira ya riƙa gangarowa daga zaure zuwa ɗakuna, kada ɗaki ya kira zaure. Ɗalibin da ya sha wahalar hoton da ya ɓace har ya gano dalili ya koyi abin da zai bi shi zuwa kowane harshen kwamfuta, kuma ya fi kyau ya koye shi a kan hotuna goma da ya koye shi a kan aikin da aka biya shi.

Hujjarsu ta biyu ta fi ta farko nauyi a wuri irin Zongo. Fayil guda yana tafiya cikin sauƙi: a tura ta WhatsApp, a kwafa a filashi, ya isa lafiya. Fayiloli biyar da jakar hotuna kuwa, ɗaya yana iya faɗuwa a hanya, ko a buɗe manhajar daga wata jaka dabam ta kasa gano hotunanta. Wannan gaskiya ce, sai dai manhajar jan hoto ba ta taɓa zama fayil guda ba tun asali, don hotunan suna waje. Tun da dole a dunƙule jaka a tura, ƙarin fayiloli huɗu ba su ƙara wa kayan nauyi ba. Batun gano hanya kuma, idan sashen hotuna ya auna ta daga inda shi kansa yake zaune, ya mutu a wuri ɗaya. Inda masu adawa suke da cikakkiyar gaskiya shi ne ƙaramin gwaji na layi hamsin da aka rubuta don a ga ko jan yana aiki. Raba irin wannan ɓata lokaci ne, kamar yadda fayil goma sha biyar masu layi shida-shida burga ce kawai. Lokacin rabo shi ne ranar da mutum na biyu ya shigo aikin, ko ranar da harshe na biyu ya shigo, ko wacce ta riga.

Wanda yake son ganin inda wannan hanya take kaiwa ya duba GCompris, manhajar koyar da yara kyauta da Bafaranshe Bruno Coudoin ya fara a shekarar 2000, wadda ke ɗauke da wasanni fiye da ɗari, da yawansu na jan hoto ne. Kowane wasa yana da jakarsa, fassarori kuma suna zaune a fayiloli dabam, inda masu fassara suke aiki ba tare da sun taɓa kod ba. Rabon bai hana su wahala ba: da suka yanke shawarar barin GTK su koma Qt a 2014 domin manhajar ta yi aiki a kan waya da allon taɓawa, sai da suka sake rubuta ta, sigar 1.0 ba ta fito ba sai a 2020. Amma sun yi ƙaurar ne wasa bayan wasa, masu sa kai daga ƙasashe dabam-dabam kowa ya ɗauki nasa, abin da ba zai yiwu ba da a dunƙule take.

Wagadugu ba ta rasa wuraren da ake koyon irin wannan aiki ba. Ƙungiyar Yam Pukri ta Sylvestre Ouédraogo tana koyar da kwamfuta tun 1998, OuagaLab ta biyo baya a farkon shekarun 2010, ga Jami'ar Joseph Ki-Zerbo. Masu iya rubuta sashen ja za su samu. Waɗanda suka san ko "ƙyanƙyaso" ya yi wa ɗan shekara shida tsauri, ko hoton da aka zaɓa na tulu ne ko na randa, su ne malaman aji da iyaye mata da tsofaffin da suka taso a Zangouettin, kuma yawancinsu ba za su taɓa buɗe fayil ɗin Python ba. Idan kalmomi suna cikin fayil na rubutu zalla, malama za ta iya buɗe shi, ta ƙara layi ɗaya mai ɗauke da sunan hoto da kalmar "ɗankwali", ta jefa hoton a jaka, da safe yara su tarar da shi. Idan kalmomin suna binne a tsakanin umarnin linzami, sai ta jira ɗalibin da ya rubuta manhajar, wanda wataƙila ya riga ya sami aiki a Bobo-Dioulasso ko Abijan.